Allura ta Goma

Mersiha ta sake ƙirga mutanen da ke kan bencin asibitin, kai ka ce ƙirgen zai haifo wani. Tara ne dai. Ita da mijinta Sabahudin, 'ya'yansu mata biyu, surukarta Nana Dervisha, sai wasu mutum huɗu daga ƙauyukan bakin kogin Drina. Wan mijinta da ya rantse zai zo ya cika goma ya bugo waya da safe, wai saniyarsa na naƙuda. Saniya fa!

"Tun a waya na gaya miki," in ji Sista Munevera, ma'aikaciyar jinya, tana tura tabarau bisa hanci. "Kwalbar allurar sanƙarau ta mutum goma ce. In na fasa ta, ba ta kwana. Suna goma, kwalba ɗaya. Ba ni na kafa dokar ba."

A babban birni ana yi wa mutum shi kaɗai, amma kuɗin mutum biyar a can sai ya karya su. Shi ya sa suka hawo dutse awa biyu a mota. Dole allurar ta kwana goma a jiki kafin a bar mutum ya tafi Umara, jirginsu kuwa saura kwana goma cif. Nana ta sayar da gonar tuffanta saboda tafiyar nan, likita kuma ya raɗa wa Mersiha cewa ba lallai tsohuwar ta ga wata bazarar ba.

Sabahudin ya fita nemo ko ma waye a titi, ya dawo jiƙe sharkaf.

"Garin nan ko kare babu, balle in roƙe shi ya miƙo hannu."

"Zauna, sarkin gaggawa," Nana ta ce, tana jan carbi. "Wanda ya kira mu ɗakinsa ya fi ka iya ƙirga."

Sista ta dubi agogo. "Ku jira a kira azahar," ta ce.

Asibitin hawa uku ne, tun zamanin da garin ke cike da mutane kafin yaƙi. Yanzu baranda ɗaya ake amfani da ita, sauran an ɗaure ƙofofinsu da sarƙa. A can sama wani famfo na ɗiga. Lokaci-lokaci sai a ji kamar ana jan kujera, alhali Sista ta ce ita kaɗai ce a ginin. Mersiha ta jawo 'ya'yanta kusa.

Ladan na yin shiru, ƙofar waje ta buɗe. Wani dogon tsoho ya shigo da baƙar hula, ruwa na zuba daga kwat ɗinsa. Bai dubi kowa ba. Ya ajiye kuɗin allurar mutum ɗaya a teburin Sista, ya ɗora wani tsohon katin shaida mai hoton mace.

"Sannu da zuwa, Baba Zeynil," ta ce a hankali.

Ta miƙe da takardarta ta shiga kiran sunaye, kowa na amsawa. Da ta zo na goma sai ta juya wajen barandar da ba kowa, ta ɗaga murya.

"Zumreta!"

Shiru. Famfon ne kawai.

"Zumreta!"

Sau uku ta kira. Tsohon na tsaye, kunnensa a karkace kamar mai jiran takun da ya sani. Sannan Sista ta rubuta, ta fasa kwalba.

Lokacin da Mersiha ta naɗe hannun riga, ta yi ƙasa da murya. "Don Allah wace ce?"

"Matarsa. Shekarar da aka fara yaƙi suka yi niyyar Hajji. Aka zuba matan garin a mota, aka tafi da su, har da ita. Har yau ko ƙashinta ba a gani ba, shi kuma ya ƙi sa hannu a takardar mutuwa." Sista ta soka allurar. "A takarda tana da rai. Duk ranar allura sai ya zo bayan azahar. In kun cika, ya juya. In ba ku cika ba, ita ce ta goma."

Mersiha ta so ta ce alhamdulillahi, amma kunya da tsoro suka riƙe mata harshe. Nana ce ta faɗa, da ƙarfi, har sau biyu.

Sista ta buga wa katunan allurar hatimi, goma cif. Tsohon ya karɓi na matarsa, ya juya shi a hannu, ya zo gaban Nana ya tsaya.

"'Yar'uwa, can za ki?"

"In Allah ya yarda."

"Ta riga ku tafiya, ba ta ɗauki kati ba. Kada su tsare ta a ƙofa."

Sabahudin ya buɗe baki, uwarsa ta take masa ƙafa. Ta karɓi katin da hannu biyu, ta haɗa da nata, ta cusa cikin riga.

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa," ta ce. "In ban same ta a Makka ba, na san inda zan iske ta."