Ɗan Sale a Sahun Gaba

Malam Sale na Aujara ya yi shekara goma sha ɗaya yana kokawa kafin gwiwarsa ta hagu ta ce ya isa. A zamaninsa, daga Jahun har Miga, in kaka ta yi aka share fili, ba a cika samun wanda zai yarda ya kama da shi sau biyu ba. Yanzu gero yake nomawa da riɗi, yana kiwon awaki, kuma in ba tsofaffi ba, babu mai tuna cewa wannan mutumin da ke ɗan ɗingishi ya taɓa kai maza ƙasa.

Ɗansa na fari, Talha, shi ya ɗauko jikin, har ya ɗara. Yana ɗan shekara goma sha biyu ƙanen Sale, Hussaini, malamin wasannin motsa jiki a wata sakandare a Dutse, ya ɗauke shi riƙo. A can ya yi karatu, ya yi ta girma har ya kai sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Wata shekara aka zo neman ƙattin samari da za a koya wa ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa kwalkwali ana haɗa ƙirji. Hussaini ya kai shi Abuja gwaji, aka ɗauke shi. Shekara biyu ya yi a can ƙasar yana koyo. Sai a tsakiyar damina ya bugo waya, wai wata ƙungiyar ƙwararru ta wani birni mai tsananin sanyi ta sa shi cikin 'yan wasanta, an ba shi riga mai lamba sittin da takwas.

"Allah ya taimaka," shi ne duk abin da Sale ya ce. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya yi murna a gaban mutane. Amma Lahadin farko ta watan Satumba, ana idar da Azahar ya sa babbar rigarsa, ya ce wa matarsa Kubura zai leƙa Dutse gaida su Hussaini. Kubura ta kalle shi, ta yi murmushi, ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli a leda.

Ƙarfe shida na yamma aka fara wasan a talabijin ɗin Hussaini. Sale ya zuba ido. Abin da ya gani kawai, ƙatti sun jeru sun durƙusa, sun ruga sun yi karo, sun zube, an busa usur, sun tashi sun sake jeruwa.

"Wannan kuma faɗa ne ko wasa?"

"Wasa ne, Yaya. Sau huɗu ake ba ƙungiya dama ta matsa gaba taku goma da ƙwallon. In ta yi, a ƙara mata huɗu, har ta kai ƙarshen fili ta ci maki. Ka ga wancan na baya mai jifa? Shi ne idon ƙungiya. Waɗannan biyar da suka durƙusa a gabansa, aikinsu su hana kowa taɓa shi, su kuma buɗa wa mai gudu hanya. A cikinsu ɗanmu yake."

"To ina yake?"

Hussaini ya nuna bakin fili da yatsa. "Yana gefe tukuna. Ga shi can, mai tawul a wuya."

Suka tashi suka yi Magariba, suka dawo, suka sake tashi Isha'i. Har aka tashi wasan Talha bai taka fili ba, kuma an cinye ƙungiyarsu.

Haka aka yi Lahadi biyar. Wasa goma sha bakwai ake yi a kaka ɗaya, ƙungiyar ta buga biyar ta ci ɗaya. Sale bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, duk da an shiga girbin gero kuma hannu ya yi ƙaranci. Ya kwana a ɗakin baƙin ƙanensa, ya bi motar farko ya koma gona. A majalisar ƙofar masallaci, Uwaisu mahauci, abokin wasansa tun suna yara, ba ya barinsa ya zauna lafiya.

"Malam Sale, jiya ƙwallo nawa ɗan namu ya zura?"

"Ba zurawa yake ba."

"To gola ne?"

"Ba gola ba ne. Shi aikinsa bai shafi taɓa ƙwallo ba."

Uwaisu ya tafa hannu. "Ikon Allah! An ɗauki mutum a jirgi har Amurka don kada ya taɓa ƙwallo."

Aka yi dariya. Sale ma ya yi.

A wasa na shida, ana tsakiyar zagaye na biyu, wanda ke tsayawa na biyu daga hagu a sahun gaba ya faɗi ya riƙe gwiwa. Aka fitar da shi a ƙaramar mota. Hussaini ya miƙe tsaye.

"Yaya! Sittin da takwas! Ga shi nan yana sa kwalkwali!"

Sale bai motsa ba. Ya ga ɗansa ya shigo da sassarfa, ya durƙusa a sahu, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Aka fara. Wani baƙin ƙato ya taso masa, ya shige ƙarƙashin ƙirjinsa, ya tura shi baya kamar buhun ƙaiƙayi, ya rungume mai jifa ya maka shi da ƙasa. Kafin a tashi, sai da aka yi masa haka sau uku. Aka sake cinye su.

Hussaini ya kashe talabijin. Sale kuwa ya ce, "Wayar nan taka tana iya maido da wurin da aka ture shi?"

Da safe bai bi motar farko ba. Ya sa Hussaini ya yi ta maimaita masa wurin, sau goma ko fiye, yana kallon ƙafafu kawai. Sannan ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya fito tsakar gida.

"Kira min Mashkura ta riƙe wayar. Kai kuma zo ka tsaya nan."

Mashkura, matar Hussaini, ta fito daga kicin tana goge hannu, ta saita waya. Sale ya kalli wayar kamar yana kallon ɗansa.

"Kai, saurara. Da an fara kake miƙewa, kana ba shi ƙirjinka. Wanda ya fi ka yin ƙasa shi ne zai ɗaga ka, ko da ka fi shi nauyi. Kuma nauyinka a dunduniya yake. Dube ni." Ya buɗe ƙafa, ya sauke ƙugu, ya ce wa ƙanensa, "Taho da ƙarfinka."

Hussaini ya taho. Sale ya shige ƙarƙashinsa, ya cusa hannu biyu a haƙarƙarinsa, ya yi gaba da shi taku huɗu, sai da suka dangana da duron ruwa. Duro ya kife, kaji suka watse, Mashkura ta yi ta dariya har hoton ya karkace. Sale ya miƙe yana haki, gwiwar nan tana yi masa zogi.

"Ka dai gani. A tura masa."

Da la'asar, yana gona yana ɗaurin riɗi, Hussaini ya kira shi ya ce amsa ta zo. Talha ya ce a gaya wa Baba ya gode, kuma abin da kocinsu ya kwana biyu yana faɗa masa ke nan da Turanci bai shige shi ba sai yau. Ya ce ya nuna wa kocin hoton, kocin ya nuna wa dukkan 'yan sahun gaba, har da wurin duron ruwa.

Mako na gaba suka yi nasara. Na gaba da shi ma haka. Ba Talha kaɗai ba ne, Hussaini ya yi ta nanata haka: mai jifan ya warke daga ciwon kafaɗa, an kuma sauya mai tsara musu dabarun kai hari. Sale ya yarda. Amma shi idonsa a kan lamba sittin da takwas yake, kuma yana ganin ƙugun nan yana sauka mako bayan mako. Ya fara gane wasan ta hanyarsa. Ba ya bin ƙwallo da ido sam. Sahu yake kallo, in ya ga wanda ya ɗaga kafaɗa sai ya ce, "An gama da wannan," kafin mai sharhi ya buɗe baki.

Cikin wasa goma suka ci takwas. Labari ya bazu a Aujara, mai gidan kallon ƙwallo ya fara nuna wasan jiya duk ranar Litinin da yamma. Uwaisu ya je sau ɗaya don ya samo abin tsokana, ya dawo majalisa yana cewa, "Ashe yaron nan katanga ne." Kubura ba ta taɓa kallo ba. Tambayarta ɗaya ce duk Litinin: "Ya fita da ƙafarsa?"

Wasan ƙarshe ya faɗo a makon farko na Janairu. In sun ci, sun shiga zagayen da ake fitar da zakara. In an cinye su, kaka ta ƙare. Ranar, mutum goma sha ɗaya suka cika motar haya daga Aujara, har da Uwaisu da tiren balangu. Kubura ma ta zo, amma ta shige ɗakin Mashkura da carbinta. Hussaini ya fito da talabijin tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi.

Dusar ƙanƙara ake zubawa a filin, har layukan sun ɓace, numfashin 'yan wasa yana fita kamar hayaƙi. Aka yi ta ja-in-ja. Saura daƙiƙa ashirin a tashi, ana gaban su Talha da maki huɗu, su kuma suna riƙe da ƙwallo, taku ɗaya tak tsakaninsu da layin ci. Sun gwada sau uku an tare su. Saura dama ɗaya.

"Jefawa za su yi," in ji Hussaini.

"A'a," Sale ya ce a hankali. "Dubi inda mai gudun ya tsaya. Ta bayan yaron nan za su bi."

Aka durƙusa. Wanda ke gaban Talha ya fi shi faɗi. Aka fara, kwalkwali ya haɗu da kwalkwali, na ɗan lokaci babu wanda ya motsa. Sai ƙafafun ƙaton nan suka fara zamewa baya a cikin ƙanƙara, taku ɗaya, biyu, Talha na ƙarƙashinsa yana tuƙa shi. Mai gudu ya manne da bayan rigar sittin da takwas, ya faɗa cikin layi. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu sama, alamar sun ci maki shida.

Tsakar gida ta kaure. Tiren Uwaisu ya kife, maƙwabta suka leƙo ta katanga. A talabijin aka sake nuna wurin a hankali, aka zagaye Talha da jan layi, mai sharhi ya faɗi sunansa, ya kuma yi ƙoƙarin faɗin Jigawa ya karya ta gida biyu. Hussaini yana tsalle yana kuka, ɗan shekara hamsin. Sale yana zaune inda yake. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Sannan ya tashi ya je ƙofar ɗakin Mashkura.

"Kubura. Sun ci. Kuma da ƙafarsa ya fita."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ya ɗan jima a tsaye a bakin ƙofar, bayansa ga jama'a, yana gyara wuyan rigarsa da ba abin da ya same shi.

Mako guda bayan nan aka fitar da su a wasan farko na zagayen. Ƙungiyar da suka haɗu da ita ta fi su, ba wanda ya yi musu. Talha ya bugo waya washegari, murya a dushe, ya ce, "Baba, ba mu kai ba."

"Na gani. Ku da kuka fara da faɗuwa biyar cikin shida? Ka gode wa Allah. Yatsan da na ga an naɗe maka fa?"

"Ya goce ne, an gyara. Baba, sun ce wurin nawa ne baɗi. Kuma ina nan tafe ƙarshen wata."

Sale da Hussaini suka tarye shi a tashar Dutse. Da ya durƙusa gaida mahaifinsa, sai da 'yan kamasho suka bar lodi suka tsaya kallo, don a durƙushen ma ya kusa kai ƙirjin Sale. Gaban motar Aujara da ake cusa mutum biyu, shi kaɗai ya cika shi, gwiwoyinsa na dungurar gaban mota. Sale ya zauna a bayansa, yana kallon wuyan nan da ya yi kauri kamar turmi, da wani sabon tabo a bayan kunne.

Sun wuce rabin hanya direba ya kasa haƙuri, ya kalli madubi.

"Baba, don Allah, wannan ɗanka ne?"

Sale ya juya yana kallon gonakin da aka girbe.

"Ɗan ƙanena ne, shi ya raine shi," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Amma a gidana aka haife shi. Ka ɗan taka motar, uwarsa tun safe take girki."