Bunsurun Dede Uduma

Mu ne tsarar da ba ta da suna. A garinmu sai tsara ta gama wani aiki da za a nuna da yatsa kafin dattawa su raɗa mata suna ta samu benci a dandali. Mu kuwa har furfura ta fara leƙo wa wasunmu, yara na kiranmu "waɗancan". Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Shi ya sa muka ɗauki aikin gina gadar rafin kasuwa. Maza da mata muka yi ta jidar dutse har wuyanmu ya shige ciki, muka gama ana jibi bikin sabuwar doya, ranar da za a ba mu suna.

Mutum ɗaya ne bai zo aikin ƙarshe ba, Oleka. Wai bayansa ke ciwo, alhali an gan shi gindin kwakwar manja yana ɗaga ƙoƙon bammi da bayan nan nasa.

"A bi masa al'ada!" in ji Ezera, shugabanmu.

Al'adar kuwa daɗi gare ta: dabbar da kuka fara cin karo da ita a layin mai laifi taku ce, ku yanka ku ci, shi ya san yadda zai ƙare da mai ita. Muka tafi da ganga da waƙa, sai ga wani baƙin bunsuru, ƙato, yana taƙama. Ya bi ta tsakanin ƙafafun Ezera ya juye shi a kwata, ya tsallake turmi, ya shiga gonar rogo. Ni na cafke ƙafarsa ta baya, ya ja ni a ƙasa, zanina ya tafi nasa wuri.

"Riƙe shi, Mgborie! Ko mijinki ba ki riƙe haka ba!"

"Ku zo ku taya ni, 'yan banza!"

Farfesun ya yi barkono. Muna suɗe yatsu Oleka ya leƙo, ya ga fatar, ya ɗora hannu a ka.

"Kun kashe ni. Na Dede Uduma ne."

Dede Uduma shi ne dattijon da zai raɗa mana suna. Wani ya yi gyatsa, babu wanda ya yi dariya.

Ranar biki dandali ya cika. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi, Dede," na ce, bakina ya riga hankalina.

"Madalla. Al'ada kuka bi, ba ni da magana da ku. Oleka ne da ramuwa, shi kuwa ko kaza ba shi da ita. Ku cire shi daga cikinku, in ba ku suna yanzu. In ba haka ba, sai baɗi."

Wanda tsararsa ta cire, ranar mutuwarsa ba mai haƙa masa kabari. Oleka ya tsaya yana murza hula. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

Ezera ya sosa ƙeya. "Dede, malalaci ne. Mashayi ne. Kunya ma ba ta san gidansu ba."

"To?"

"To, namu ne. Tare aka yaye mu."

"Sai baɗi ke nan."

"Sai baɗi!" muka amsa da ihu, kamar an ba mu kyauta.

Muka sungumi Oleka a kafaɗa, ganga na tashi, yara na bin mu suna "waɗancan, waɗancan!" Muka kai shi tsakiyar sabuwar gadarmu, muka yi lilo da shi, muka wurga shi rafi.

Sai a lokacin Ezera ya tuna Oleka bai iya ruwa ba. Gaba ɗayanmu muka faɗa bayansa, da kayan bikinmu a jiki.