Raƙumi Mai Mutum Uku

A damunar 1998 Attahiru na Kucheri da Shu'aibu na Mada da Lawali na Bungudu suna da raƙumin huɗa guda ɗaya tal a tsakaninsu. Kowa mako ɗaya, daga Asabar zuwa Asabar. Ranar da makon Attahiru ya kama, ruwa ya sauka mai kyau, ƙasa ta yi laushi, shi kuma raƙumin ya tsinke igiya a Bungudu ya cinye shingen lambun wani. Aka kai shi garken da ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna. Mai tsaron garken, Malam Mamman, ya ce ba zai saki ko jelarsa ba sai ya ga takardar shaidar mallaka daga Gusau.

Hankalin Attahiru ya tashi, don laimar gonarsa ba za ta wuce kwana biyar ba. Ya tattara abokansa suka shiga mota.

A ofishin da ke ba da takardar a Gusau an kawo sabuwar kwamfuta, an lulluɓe ta da zane kamar amarya, kuma wata ma'aikaciya, Hanatu, ita kaɗai ta iya taɓa ta. Shafin da ke kan allon yana da akwati ɗaya na mai dabba, da layuka barkatai na dabbobinsa. Wanda ya tsara shi dai bai taɓa ganin talaka uku sun haɗa hannu a kan dabba ɗaya ba. Hanatu ta cusa sunaye uku a akwatin, na'urar ta yi ƙara ta ƙi. Ta sake, ta sake ƙi.

"Baba, wurin ga abu guda yaka ɗauka, ku kuwa jeri ne," in ji ta.

"To ki sa sunana ni ɗai," in ji Attahiru.

"Mu kuma mun mutu ke nan?" in ji Lawali.

Aka yi ta musu har azahar. Hanatu ta gaji, yunwa kuma ta kama ta. Ta duba ta ga a cikin su huɗun, maza uku da dabbarsu, wanda yake guda ɗaya shi ne raƙumi. Ta sa shi a akwatin, ta jera mazan a layuka. Takarda ta fito tsaf, har da hatimi, kowa ya yaba da basirarta.

Washegari Malam Mamman ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Mutum ne mai girmama takarda fiye da yadda yake girmama surukinsa.

"Mai dukiya, raƙumi. Dabbobinai, Attahiru da Shu'aibu da Lawali," ya karanta a hankali. "Ashe kuskure munka yi. Nan ba a tsare mai dukiya, dabbobi aka tsarewa."

Ya kwance raƙumin, ya ba shi haƙuri, ya nuna wa mutanen uku inuwar garke. Attahiru ya rantse, ya nuna ƙafafunsa biyu, ya karanta Fatiha don a ji shi mutum ne. Malam Mamman ya ce shi ma ya ga alama, amma babu hatimi a jikinsa. Aka aika Gusau a gyara, Hanatu ta aiko cewa mai dukiya ne kaɗai ke da ikon neman gyara, ya zo da kansa. Shi kuwa mai dukiyar yana bakin garke yana cin ƙaya, bai nuna yana da wata sha'awar zuwa Gusau ba.

Kwana shida suka yi. Attahiru yana kallon hadari yana haɗuwa yana watsewa, baƙin ciki ya hana shi cin tuwon da matar Lawali ke kawowa. Shu'aibu ne ke lallashinsa kullum, yana cewa ai su 'yan uwa ne, wahalar ɗaya ta kowa ce. A ƙarshe raƙumin ya taka takardar da ta faɗi ƙasa, Malam Mamman ya duba sawun ya ce mai dukiya ya sa hannu a saki dabbobinsa, ya buɗe ƙofa.

Attahiru ya ruga ya kama igiya. Shu'aibu ya zare ta daga hannunsa a hankali.

"Yi haƙuri, Malam Attahiru. Yau Asabar."