Ɗiyata Ba Za Ta Tsallake Shi Ba

Fim ɗin ya shigo ƙauyen ana tsakiyar kakar masara, a wayar wani saurayi da ya kai buhuna kasuwar Dandume ya biya wurin masu tura fina-finai. Kafin a gama kwashe amfanin gona babu wayar da bai shiga ba. Labarin wasu Turawa ne farare fat masu dogayen baƙaƙen riguna, suna zaune a wani tsohon gidan dutse inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Jinin mutane suke sha, rana kuwa in ta taɓa su sai su ƙone su zama toka. Abokan gabarsu wasu ƙarti ne da ke rikiɗa su zama namun daji masu gashi, mai fassarar Hausa ya kira su kuraye. Daga farko har ƙarshe yaƙi suke da bindiga da haƙori, wanda aka ciza kuma sai ya koma irin wanda ya cije shi.

Yaran unguwa ba su ɓata lokaci ba suka mayar da shi wasa. Aka rabu gida biyu, masu shan jini da kuraye, ana fafatawa a bayan rumbuna da karan masara a matsayin bindiga.

Amatullahi mai awara tana da ɗiya ɗaya, Yasmin, 'yar shekara bakwai, zabiya ce. Tun tana goye uwar ta san rana ce abokiyar gabarta, saboda haka rigunanta duk masu dogon hannu ne, ga malafa a kan hijabi, ga doka cewa daga hantsi zuwa la'asar inuwa ce wurinta. Da can yara ba sa neman ta wasa. Sai ga shi kwanakin nan suna tsayawa a bakin zaure suna kiran Sarauniya ta fito. Amatullahi ta ji daɗi har ranta, ta riƙa ba su gutsuren awara, ba ta tsaya tambayar sarautar mene ne aka ba ɗiyar tata ba.

Ta gane ne ranar da Yasmin ta shigo da azahar babu malafa babu hijabi, wuyanta da kunnuwanta jawur. A ranar kuraye ne suka ci yaƙi. Da suka kama Sarauniya sai suka ce bari su gani ko za ta zama toka. Suka ja ta masussuka, suka tuɓe mata malafa da hijabi, Awaisu ɗan maƙwabtansu, wanda ya girme ta da shekara biyu, ya danne ta a kan tamfol mai zafi da aka shanya waken suya. Ta yi kuka, suka ce haka ta cikin fim ma ta yi. Da ta ga babu sarki sai Allah, ta kafa masa haƙori a hannu har sai da ya sake ta.

Kafin magariba wuyan yarinyar ya tashi bororo. Amatullahi ta yafa mayafi za ta shiga maƙwabta, mijinta Kamalu ya ce ta yi haƙuri, sha'anin yara ne, kuma katanga ɗaya ta raba su da gidan. Ta haƙura, amma washegari ta ce ya ba ta wayarsa. Ta jingina ta da turmi tana tace niƙan wake tana kallo, har ƙarshe. Abin da ta fahimta shi ne mutanen ba sa noma, ba sa girki, gida kamar kasuwa amma babu mai share yanar gizo-gizo. Da aka nuno wadda aka ɗaure a rana fatarta na hayaƙi, sai ta kife wayar.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da Awaisu. Ta katanga Amatullahi ke jiyo shi yana sambatu, yana cewa Sarauniya ta cije shi, zai rikiɗa. Kakarsa Inno ba ta taɓa kallon fim ɗin ba, ba ta ma yarda da waya, amma ta san abin da ake kiran mai cizon yaro ya kwanta yana ambaton sunansa. Ta ce Yasmin ta kama masa kurwa. Ta ƙara da cewa dama ita tun ranar suna ba ta yarda da launin yarinyar ba.

Ranar Amatullahi ta soya awara ta jera a faranti, babu yaron da aka aiko. Har mai ya huce, ƙuda ne kawai ke zuwa. Da la'asar aka yi sallama da Kamalu a zaure, ya dawo yana sosa ƙeya. Inno ce ta aiko: gobe da safe a kawo Yasmin ta tsallake Awaisu sau uku ta sake shi, kamar yadda ake sa wanda ake zargi da maita. In an yi haka, in ji ta, magana ta mutu.

Kamalu ya ce shi bai yarda ɗiyarsa mayya ce ba, Allah shi ne shaida. Amma mene ne a ciki? Taku uku ne, a wuce wurin, a zauna lafiya da mutane. In suka ƙi kuma yaron ya mutu, ba za su sake kwana a garin ba.

Amatullahi tana shafa wa wuyan Yasmin magani, ba ta ɗago ba. Ta tambaye shi in ta tsallake kuma yaron ya warke fa, me za a ce? Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce to ita ta sani. Za a ce an gani da ido, ta kama ta saki. Daga ranar babu mai cin abin hannunta, babu mai zama kusa da ita a Islamiyya, duk jaririn da ya yi zafin jiki a unguwar nan ita za a zo a ɗauka. In ta girma babu mai aurenta, in ma an samu, 'ya'yanta za su gaji sunan.

"Baban Yasmin, taku ukun nan har jikokinka sai sun taka shi," in ji ta. "Ɗiyata ba za ta tsallake shi ba."

Da safe ta zaunar da Yasmin a ɗaki, ta ce wa Kamalu ya zauna a bakin ƙofa, ko wa ya zo kada yarinyar ta fito. Ita kaɗai ta shiga gidan Inno.

Tsakar gidan cike take da matan unguwa, wasu da goyo, wasu sun bar tukunya a wuta. An shimfiɗa tabarma a tsakiya an kwantar da Awaisu, leɓɓansa sun bushe, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Uwarsa Nana na durƙushe a kansa, idanunta sun kumbura. Nana da Amatullahi shekara ɗaya aka kawo su unguwar, tare suke zuwa awon ciki a bayan babur ɗaya lokacin cikin Yasmin da na ƙanen Awaisu. Yau Nana ba ta iya ɗaga ido ta dube ta ba.

Amatullahi ta gaishe da Inno har ƙasa, yadda ta saba. Sannan ta miƙe ta tsaya nesa da tabarmar, ta harɗe hannuwanta a baya. Inno ta tambaye ta ina yarinyar. Ta ce tana gida tana jinyar wuyanta, duk mai son ganin abin da aka yi mata a masussuka ƙofa a buɗe take.

Inno ta ce ba wuya aka tara mutane a kai ba, rai ake magana. In ba za a kawo yarinyar ba, to ita uwar ta tsallake, ai a nono ake sha.

"Inno, ni ma ba zan tsallake ba. Ko inuwata ba za ta hau kansa ba. Ku duba hannuwana, ku shaida ban taɓa shi ba."

Aka fara guna-guni. Wata daga baya ta ce ai duk garin an ga fim ɗin, an san wanda irin waɗannan suka ciza ba ya tashi daidai. Amatullahi ta juya ta nemi mai maganar da ido. Ta ce ita ma ta kalla, har sunayen da ke hawa a ƙarshe. A ciki wanda aka ciza fiƙoƙi ke fito masa, ya riƙa tsalle daga soro zuwa soro. A buɗe bakin Awaisu a duba, in an ga fiƙa ɗaya ita da kanta za ta kwashe kayanta ta bar garin. Wata budurwa ta yi dariya, uwarta ta make ta.

Daga nan Amatullahi ta daina kallon kowa sai Nana. Ta sassauta murya ta tambaye ta yaushe rabon da a kwance tsumman nan. Nana ta ce tun ranar da Inno ta ɗaure shi da garin bagaruwa da toka, an ce kada iska ta shiga.

"Maman Awaisu, kwance ki gani. Ke za ki kwance, ba ni ba."

Inno ta ce kada ta kuskura. Nana ta dubi surukarta, ta dubi ɗanta da ke numfashi sama-sama, sai ta sa hannu. Tsumman ya manne, sai da ta jiƙa shi da ruwa. Da ya fita, wari ya sa na kusa suka ja baya. Hannun ya kumbura ya yi sheƙi, wurin haƙoran ya cika da mugunya, wani jan layi ya bi dantsen ya nufi hammata.

Amatullahi ta ce ɗiyarta ce ta cije shi, ba ta musu ba, kuma ko gobe aka danne ta a rana ta ce mata ta ƙara cizo. Amma cizon mutum dafi gare shi kamar na kowace dabba, kuma wannan layin in ya ƙarasa inda ya nufa, ko duk garin ne suka tsallake shi ba zai tashi ba. Asibitin Dandume za a kai shi, yanzu.

Inno ta ce in an fitar da shi ba a sake shi ba, a hanya zai cika, kuma alhakinsa na wuyan mai taurin kai. Amatullahi ta ji maganar har cikin ƙashinta, don ta san in haka ta faru babu wanda zai tuna da tsumma. Amma ba ta kwance hannuwanta daga baya ba. Ta ce ta ji, ta ɗauka.

Nana ta miƙe ta saɓa ɗanta a kafaɗa. Wata ta ce a kira Kamalu, ga babur ɗinsa nan a ƙofar gida. Amatullahi ta ce a'a, ba babur ɗin gidansu ba, kada gobe a ce ta nan aka bi aka sake shi. Ga Buba ɗan acaba can a gindin dalbejiya. Aka ƙwala masa kira. Ta matsa gefe sosai ta ba su hanya, har suka fita ko gefen mayafinta bai goge su ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta fasa soya awara ba. Kullum sai ta jera a faranti ta ajiye inda mai wucewa zai hango, in yamma ta yi su ci da mijinta da ɗiyarta, ragowar a ba kaji. Duk babur ɗin da ya shigo unguwar sai ta tsaya cak tana sauraron ko za a fasa kuka a bayan katanga. A sujada tana roƙa wa Awaisu lafiya fiye da yadda ta taɓa roƙa wa wani. Yasmin ta tambaye ta ko ita ce ta sa shi ciwo. Ta ce mata haƙorinta ne da tsumman Inno, su biyu, kuma an tafi gyarawa.

Ranar kasuwar Dandume aka dawo da shi, ya rame, hannu cikin farin bandeji, yana tafiya da ƙafarsa. An tsaga wurin an wanke, an yi ta yi masa allurai. Inno ta ce wa masu zuwa barka ai irinsu daga nesa ma suna saki in sun ga an gane su. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka yi kamar ba su ji ba.

Washegari da hantsi Nana ta yi sallama, Awaisu na biye da ita yana noƙewa, riƙe da malafar da aka tsinto a masussuka. Ta tsaya a bakin ƙofa inda mata masu dawowa daga rijiya za su gan ta, ta ce a ba ta awara, kuma Yasmin take so ta miƙo mata. Yarinyar ta dubi uwarta. Amatullahi ta ɗaga mata kai. Nana ta karɓa daga hannunta, ta gutsura ta ci, ta sa wa ɗanta ragowar a baki.

Da la'asar Amatullahi ta gyara wa Yasmin hijabi, ta ɗora mata malafar, ta kama hannunta za su Islamiyya. Akwai lungun da ke bi ta bayan rumbuna, ya fi kusa. Ba ta bi nan ba. Ta bi ta ƙofar gidan Inno, ta tarar da ita zaune a zaure tana ɓarar gyaɗa, ta tsaya ta ce wa ɗiyarta ta gaishe da kakarta. Yasmin ta durƙusa ta gaishe ta. Inno ta ci gaba da ɓara kamar ba da ita ake ba. Amatullahi ba ta motsa ba, yarinyar ma ba ta tashi ba, sai da tsohuwar ta amsa.