Kwaɗon Ƙofar Baba Mai Agogo

"Sake faɗa mini," in ji Sajan, yana jujjuya kwaɗon a hannu. "Mutum ya mutu a ɗaki, ƙofa a kulle ta waje, makulli kuma a aljihunka."

Karo na uku ke nan Tela, mai shagon da ke manne da ɗakin, yana ba da labarin, har shi kansa ya fara jin bai kama hankali ba.

"Ranka ya daɗe, Baba ne ya ce in riƙa kulle shi da rana. Tun da idonsa ya yi rauni ya bar gyaran agogo, amma mutane sun hana shi sakat. In suka ga kwaɗo sai su juya. In ya tashi daga barci, ya buga bangon shagona sau uku in zo in buɗe."

"Jiya fa?"

"Jiya bai buga ba."

Shekara goma Sajan ɗin nan bai taɓa samun abin da ya wuce satar akuya ba, yau ga gawa ga kwaɗo, ai ba zai saki da wuri ba. Ya bi ɗakin da kallo: katifa a karkace, matattun agogo jere a kan tebur, kofin ruwa a kife a gindin bango. Likita ya ce zuciya ce, da an buɗe da wuri wataƙila da an ceto shi. Maƙwabta sun cika ƙofa, waɗanda jiya suke gaisawa da Tela da fara'a yau hannunsa suke kallo.

"Koma shagonka ka hau keken ɗinki," in ji Sajan. "Ka taka yadda ka taka jiya. Ni zan buga."

Tela ya zauna ya soma ɗinki. Duk ƙarar keken, bugun ya iso kunnensa sarai, sau uku. Jiya da rana tsaka ya ji irin wannan, amma guda ɗaya tak, marar ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa ya jira sauran biyun, da ba su zo ba ya ce tsoho ne ke juyi a barci, ya ci gaba da wuyan rigar da ke gabansa.

Sajan ya leƙo. "Ka ji?"

"Ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

Sajan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe littafinsa.

"To, ƙarar keke ce. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Jama'a suka watse. Tela ya ci gaba da takawa, don bai iya jure shirun da ke bayan bangon ba. Sai da ya kai ƙarshen yadin ya lura zare ya ƙare tun ɗazu, allura huda kawai take yi tana wucewa.