Buhun Baba Hama

Ni dai na san abin da na rubuta. Shi ya sa da Mahfuzu, shugaban ofishinmu na Madawa, ya ce a cire shirin kwamfutar da na rubuta daga dukan akwatunan fanfunanmu, ban ko ɗaga kai daga ordinatar, wato kwamfutata, ba.

Aikinmu fanfunan rijiya ne masu tafiya da hasken rana. Kowane fanfo yana da ɗan allon lantarki kamar tafin hannu, cikin akwatin ƙarfe, shi ke tada shi ya kwantar da shi. Nawa aikin kula da shirin da ke ba mu damar leƙa cikin allon daga nesa ta rezo, wato layin sadarwar waya: in tsayar da shi, in ga inda ya yi tuntuɓe, in gyara, in sake shi. Kafin shirin nan, in fanfo ya mutu a Karofane ko Tamaske, sai an hau babur an sha duwatsun Adar, dabbobi na tsaye suna jira.

To sai fanfon wata rijiyar makiyaya a bayan Ibohamane ya tsiro da sabon hali. Tun da bazara ta kankama, kullum rana ta take sai ya tsaya cik, daidai lokacin da shanu ke gangarowa daga tudu. Kuma allon cewa yake ni na tsayar da shi.

"Fatiha, ga shi nan hili," in ji Mahfuzu. "Program ɗinki ne ka kashe pompo. Mu hidda shi mu huta."

"Shef, ban taɓa shi ba. In kunka hidda shi, makahi za mu koma, kuma pompon ba ya daina tsayawa."

"Ya ƙara tsayawa gobe, hidda shi nikai."

Mahfuzu ba mugu ba ne, in ya tsorata ne bakinsa ke riga kansa. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Shirin nan na fi kowa sanin cikinsa, kuma na san ba ya kashe fanfo don ra'ayin kansa.

Washegari tun da hantsi na kafa wa allon ido ta rezo, ina duba ma'aunin zafinsa. Zafin akwatin yana hawa, yana hawa, yadda ya saba. Rana na takewa sai ya faɗo ƙasa lokaci guda, jim kaɗan fanfo ya tsaya. Sanyi a Adar, cikin bazara, da tsakar rana, ko hadari bai taso ba? Na ɗauki salula na kira Baba Hama, dattijon da makiyaya suka ɗora kan rijiyar. Mahfuzu yana tsaye bayana, na buɗe muryar ya ji.

"Baba, ina wuni? Ya bisashe?"

"Lahiya lau ɗiyata, sai ƙishirwa. Ƙarhen naku ya sake sumewa."

"Baba, mi kunka yi mishi yanzun ga?"

"Ba komi. Buhu dai nij jiƙa nil lulluɓa mai, kamar yadda mukai ma bidon ruwa. Akwatin ga in rana ta yi, hannu ba ya zama bisanai. Abin da ka ba mu ruwa, mu bar shi rana na gasa shi? Ai ba hali ba ne."

Dariya ta zo mini, tausayi ya riga ta. Nan take na gane. A gindin akwatin akwai ɗan baki inda muke soka waya in mun je da ƙafa. Ruwan buhun ke ɗigowa ya haɗa ƙarafa biyu na bakin, allon kuwa ya ɗauka ni ce na ce ya tsaya. Shirina ya yi biyayya, ga wanda bai kamata ba.

"Ki hana shi wanga buhu," Mahfuzu ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ba ni hana shi," na ce. "Gyaran nawa ne."

Na roƙi Baba Hama kada ya kashe wayar. Na shiga allon ta rezo, na sauya ƴan layuka: daga yau ba ya tsayawa sai umarni ya zo daga wurinmu da shaidarsa, in kuma wani abu ya tsayar da shi bai ji daga gare mu ba, ya ci gaba da aikinsa. Na tura, na sake shi. Ta cikin salula muka ji ruwa ya bugi kwami, shanu suka ɗau kuka, Baba Hama yana yi musu magana da Fulatanci.

"Baba, ku samu robar taya ku ɗaure bakin da ke ƙasa. Buhu kau ku ci gaba da sa mishi."

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Mahfuzu ya koma kujerarsa, maganar cirewa ba ta sake tashi ba. Ni kuwa har yau, in rana ta take na ga zafin akwatin Ibohamane ya faɗo, na san Baba Hama ya tashi lafiya.