Kakiden Gidan Hajiya Zinatu

Kun gani, kada ku ce ba ku gani ba. Duk shekara in an gama suyar layya kuna nan a ƙofar kicin da faranti a hannu, ana tuntsura tukunyar mai cikin sink, kwamin wanke-wanke, ku kau da kai ku ce a ƙara muku yaji. To, ku saurari abin da ya faru a wani gida a unguwar Plumstead, can ƙasar Turawa.

Washegarin Sallah mata suka cika gidan Hajiya Zinatu, uwar duk wata baƙuwa a yankin. Muhibbat ma a ɗakinta na sama ta sauka lokacin da ta zo karatu, ta ci ta sha kamar 'yar gida. Yanzu ta gama digirinta a kan ruwa da muhalli, tana aure a Barking, kuma ta yi wa 'yarta Zarah alkawari cewa ranar Asabar, in ƙungiyarsu ta 'yan gida ta kai yara bakin teku, za ta bar ta ta shiga ruwa har wuya. Bara an je an tarar an hana wanka saboda ƙazantar ruwa, yarinyar ta yi kuka tun daga can har gida.

Daga falo ana jin muryar maigidan, Dakta Zailani, yana wanke kamfanin ruwa tas. Wai a ce ƙasar da ake kira ta ci gaba tana sakin bahaya cikin teku! Maza suna gyaɗa kai, baki cike da nama. Shi ne kuma ya kafa doka cewa kakide, man da ke fita daga kitsen suya, ba ya kwana a gidansa, domin yana toshe jijiyar zuciya. Da a Zariya ne, da tuni an ɗura shi a kwalabe ana cin wake da shinkafa da shi. A nan kuwa, saboda lafiya, sai a zuba shi a sink a bi shi da tafasasshen ruwa.

Muhibbat ta san ruwan zafin nan ba ya yi masa rakiya mai nisa. Can ƙarƙashin titi man zai daskare, ya haɗu da na maƙwabta da tsummokaran goge yara, ya zama dutse. A tsofaffin unguwanni hanyar ruwan sama da ta bayan gida ɗaya ce. In ta ƙuntata kuma aka yi ruwa mai ƙarfi, sai abin ya malala cikin kogin Thames, ita kuma Thames ba ta da inda za ta kai shi sai teku. Duk wannan ta rubuta shi ta ci jarrabawa. Amma ta yaya za ta buɗe baki ta koya wa Hajiya aikin kicin a gaban mata?

Hajiya ta ɗaga tukunya. Muhibbat ta yi wuf ta riƙe ɗaya kunnen.

"Hajiya, don Allah a ba ni. Kwana biyun nan shi nake kwaɗayi."

Kicin ya fashe da dariya. Wata ta dubi cikinta ta ce Allah ya raba lafiya, wata ta ce dama ta ga ta yi haske. Muhibbat ta ce ba haka ba ne, aka ce ai kowa haka take cewa. Hajiya da kanta ta zazzage robobin ice cream ta cika mata su, ta hana ta ɗaukar kaya mai nauyi. Tukunya ta ƙarshe ce ba a sami abin zuba ta ba, sai aka kora ta sink, tunda dai mai ciki ta sami rabonta.

Kafin Juma'a labari ya zaga har Woolwich da ke maƙwabtaka da su. Gida-gida ana aiko mata da kakide, har firjinta ya daina rufuwa, mijinta Nuruddeen ya fara yi mata wani irin kallo. Juma'ar kuma aka yini ana ruwa.

Ranar Asabar motar ƙungiya ta isa bakin teku, rana ta fito fes, ruwa yana sheƙi. Ga allo a kafe: a guji shiga ruwa. Zarah, da ta sa kayan wankanta tun daga gida a ƙarƙashin riga, ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta dubi uwarta kawai ta ce da Turanci ai ta yi alkawari.

A hanyar dawowa Dakta ya miƙe ya ce dole a yi zanga-zanga, mutanen nan ba su da tsafta. Muhibbat ta ji kanta ya ɗau zafi. Ta tashi.

"Baba Dakta, kamfani yana da laifi, babba ma. Amma abin da ka hana ya toshe mana zuciya, shi muka tura ya toshe musu bututu. Kuma ni ba ni da ciki. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Hajiya ta juya tana kallon taga, ta ce ita dai har ta buga wa uwar Muhibbat waya ta yi mata albishir. Daga baya ta tambayi taga ko tukunyarta ɗaya ce za ta ɓata teku guda. Muhibbat ta ce a hankali kowace mai tukunya haka take tambaya.

Har aka iso Woolwich Hajiya ba ta ƙara dubanta ba. Sai da za ta sauka ta tsaya a kanta.

"Ki dawo mini da robobina. Baɗi in na rasa abin zubawa, kada ki zo mini da wa'azi."

Ku kuma, ku yi wa kamfanin ihu, ya cancanta, ku dami ƙaramar hukuma da kansilanku har su gaji da ku. Amma yau ɗin nan, in kun sauke tukunya, ku bar man ya daskare, ku kankare shi cikin roba, ku ci ko ku kai shara. In kuka ga uwarku ta nufi sink da shi, ku riƙe tukunyar, ku faɗa mata gaskiyar dalili.